Ajin Zane: Fure a Tebur, Mutum a Dandamali

A garuruwan Ingila da Amurka da makamantansu, idan hunturu ya fara janye jiki a watan Maris, akan ga takardar sanarwa manne a ƙofar ɗakin karatu na unguwa ko a zauren taron jama'a. Ƙungiyar masu zane ta unguwa ce ke gayyatar duk mai sha'awa zuwa zaman da za ta yi: rabin farko a zana surar mutum, rabi na biyu a zana furannin da suka fara buɗewa. Babu jarrabawa a wurin, babu takardar shaida. Malamin makarantar da ya yi ritaya, da ma'aikaciyar jinya, da direban bas, da ɗalibi, kowa zai zo da takardarsa da fensir ko gawayi, ya zuba 'yan kuɗin da za a biya hayar zaure da ladan wanda zai tsaya a zana shi.

Mai tsayawar yakan hau wani ɗan dandamali a tsakiya, a kewaye shi. Da farko yana sauya tsayuwa duk bayan minti ɗaya ko biyu, domin hannu ya saki, ido kuma ya koyi kama karkatar kafaɗa da inda nauyin jiki ya sauka kafin ya shagala da hanci da gira. Daga nan sai a tsawaita zuwa minti goma, zuwa ashirin ko fiye. A wasu ƙungiyoyin yana sanye da tufafinsa. A da yawa kuwa tsirara yake tsayawa, namiji ne ko mace, kuma a wurinsu wannan shi ne asalin darasin. Bayan an sha shayi sai a jawo tebur, a ɗora kwalba cike da furanni: tulif, da dafodil mai ruwan ɗorawa wanda Larabawa ke kiran danginsa narjis, da reshen itacen da ya fara huda. A daidaita haske ta gefe guda, kowa ya duƙufa.

Abin da ya kawo wannan zance shafin nan shi ne, iyalan Musulmi masu yawa, har da Hausawa, suna zaune a waɗannan garuruwa, kuma 'ya'yansu na karanta irin wannan sanarwa a hanyarsu ta dawowa daga makaranta. A gida ma batun bai yi nisa da mu ba. Tun 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma wannan sashe ne Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka buɗe ta a 1962. Zanen surar mutum da zanen kayan da aka jera a tebur darussa ne na tushe a irin wannan sashe, haka ma a kwalejojin ilimi. Ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni ba zai kauce musu ba.

Tambayar takan isa wurin malami a dunƙule: zane halal ne ko haram? Amsa ma takan fito a dunƙule. Uban da ya ji kalmar haram sai ya yayyage littafin yaro, har da shafin da ya zana furen kuɓewa. Wanda aka ce masa ai ilimi ne, babu komai, sai ya bar 'yarsa ta shiga zauren da bai san abin da ake yi a cikinsa ba. Ra'ayinmu shi ne, zaman nan guda ɗaya ya ƙunshi mas'aloli uku, kowace da hukuncinta, kuma gidan da bai rarrabe su ba zai faɗa ɗayan biyu: ko ya haramta wa ɗansa abin da Allah Ya halatta, ko ya sake shi ga abin da babu malamin da ya yarda da shi.

Mu fara da teburin furanni. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shaida masa cewa da yin hotuna yake cin abinci. Ibnu Abbas ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, game da azabar masu suranta abu mai ruhi. Mutumin ya razana har fuskarsa ta sauya. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da mu iyaye muka fi mantawa da shi. Ibnu Abbas bai kore shi daga sana'arsa ba. Ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi, ya ce idan dole sai ya yi, to ga su nan. A kan wannan mazhabobin nan huɗu suka tafi. An ruwaito cewa Mujahid, almajirin Ibnu Abbas, ya ƙi zanen itace mai 'ya'ya, amma malamai ba su bi shi a kan haka ba.

Musulmi kuwa sun riƙi wannan izini da hannu biyu. Ƙubbar Dutse a Ƙudus, wadda aka kammala wajen 691 a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, bangonta na ciki cike yake da rassa da ganyaye da 'ya'yan itace da aka tsara da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi. A babban masallacin Dimashƙa, wanda ɗansa Walid ya fara ginawa a 706, an zana koguna da gidaje da manyan itatuwa, babu mutum ko dabba a cikinsu. Tabi'ai suna raye aka yi waɗannan ayyuka.

Har shi kansa furen tulif da ke cikin kwalbar 'yan ƙungiyar Ingila, ta hannun Musulmi ya isa Turai. Asalinsa furen daji ne na duwatsun tsakiyar Asiya. Turkawan daular Usmaniyya suka raine shi a lambunansu, suka kira shi lale, kuma sun lura cewa idan an rubuta sunan da haruffan Larabci, haruffansa su ne na sunan Allah. A tsakiyar ƙarni na 16, babban mai zane na fadar Sarki Sulaiman, wanda ake kira Kara Memi, ya shigo da salon zana furanni yadda kowa zai gane su: tulif, da wardi, da sumbul, da karanfil, wanda sunansa tushe ɗaya ne da kanumfarinmu saboda kamannin ƙanshi. Duk wanda ya shiga masallacin Rustam Basha a Istanbul zai ga tulif iri-iri a kan tayil ɗin bango. A wannan ƙarnin ne furen ya ƙetara Turai. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai shi garin Leiden na ƙasar Holan a 1593, mutanen ƙasar suka haukace a kansa har farashin kwansa ya yi tashin gwauron zabo kafin kasuwar ta rushe a watan Fabrairun 1637. A cikin wannan yanayi ne zanen kwalbar furanni ya zama fanni mai zaman kansa a Holan, wanda ƙungiyoyin unguwa ke kwaikwayo har yau. A daidai lokacin, a Indiya, Sarki Jahangir ya rubuta cewa mai zanensa Ustaz Mansur ya zana furannin Kashmir fiye da ɗari, kuma zanensa na jan tulif yana ajiye a Jami'ar Musulmi ta Aligarh. Saboda haka yarinyar Musulmar da ta zauna gaban wannan kwalba a wani zaure na Ingila ba aron al'adar kowa ta je yi ba.

Akwai kuma abin da mutum ke samu daga zaman kansa. Yawancinmu mun wuce furen kuɓewa sau dubu ba mu san cewa ganyen furen biyar ba ne, masu ruwan ƙwai mai haske, da ja mai duhu a tsakiya. Manomin auduga ya san furenta yana buɗewa fari-fari da safe, kashegari ya koma ja-ja, amma ɗan birni sai ya zauna zai zana shi zai gano. Tulif da aka yanke yana ci gaba da tsawo a cikin kwalba, yana karkata wajen haske, har mai zane ya ɗago kai ya tarar abin da ya fara zanawa ya sauya zama. Awa guda ta kallon abu ɗaya, ba waya, ba surutu, horo ne da yaran wannan zamani suke matuƙar buƙata. Alƙur'ani ya yawaita kiran mutum ya dubi tsirrai da saɓanin launukansu, kuma a Suratul Kahfi da Suratuz Zumar da Suratul Hadid ya buga misalin duniya da shukar da ke yin kore shar, sannan ta bushe ta karairaye. Masu zanen Holan ma sun hango wannan, shi ya sa sukan sa ganyen fure da ya faɗo a gindin kwalba domin tuna mutuwa. Sukan kuma ɗora malam-buɗe-littafi ko ƙuda a kan ganye, su kuwa waɗannan masu ruhi ne, hukuncinsu yana tare da mas'ala ta biyu.

Mas'ala ta biyu ita ce surar mutum sanye da tufafi, kuma a nan ne ya kamata a yi magana da gaskiya da nauyin baki. Hadisan gargaɗi ingantattu ne, babu mai musun su. Dalilin gargaɗin ma a fili yake. Ibnu Abbas ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, Alaihis Salam, asalinsu sunayen wasu salihan bayi ne da aka kafa musu alamomi domin tunawa, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Ummu Salama da Ummu Habiba, Allah Ya yarda da su, sun ba da labarin cocin da suka gani a Habasha mai hotuna, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya danganta hakan da masu gina wurin ibada a kan kabarin salihinsu. Ga kuma labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda aka cire aka mayar matasai. Dalili na biyu da hadisan suka ambata shi ne gasa da halittar Allah.

Saɓanin yana kan iyakar abin da gargaɗin ya shafa. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tafi a kan cewa suranta mai ruhi haramun ne, ko surar tana da inuwa kamar gunki ko a shafe take a kan takarda da tufa. Wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malaman Shafi'iyya da Hanafiyya da Hanbaliyya, kuma a kansa Shaihu Bin Baz ya yi fatawa a zamaninmu. Malikiyya kuwa, mazhabar da aka karantar a zaurukan ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru, sun rarrabe. A sharhohin Mukhtasar na Khalil, a babin walima, Shaihu Dardir da waɗansunsa sun bayyana cewa haramcin yana tabbata ne idan surar ta mai ruhi ce, tana da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Wadda aka zana a shafe, a kan takarda ko bango, makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa a wurin da ake takawa ko wulaƙantawa take, barinta ya fi kawai. Suna dogara da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha game da zanen da ke jikin tufa. Da Nawawi ya soki wannan ra'ayi, Ibnu Hajar ya amsa da cewa an ruwaito shi da ingantaccen isnadi daga Ƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin fakihai bakwai na Madina. Daga cikin malaman baya-bayan nan, Shaihu Yusuf Ƙardawi ya karkata ga halatta zanen da ke shafe matuƙar ba a yi shi domin girmamawa ta ibada ko yaɗa alfasha ba.

Wannan saɓani ne na gaske tsakanin manya, kuma ba aikin jarida ba ne ta yanke shi. Abin da muke kira gare shi shi ne adalci. Wanda ya ɗauki ra'ayin Nawawi ya kame hannunsa, ya yi abin yabo, kada a kira shi baƙauye. Wanda ya bi Malikiyya ya zana kakarsa tana tsintar wake, yana da magabata, kada a jefe shi da fasiƙanci a bainar jama'a ko a shafukan sada zumunta. Abin mamaki ne a ce ɗalibin da ya tashi a kan Ahalari da Ishmawi da Risala bai taɓa jin matsayin mazhabarsa a wannan mas'ala ba, sai guntun bidiyon minti ɗaya da aka turo masa.

Akwai kuma fili mai faɗi da ɓangarorin biyu suke haɗuwa a cikinsa, wanda ɗalibai da yawa ba su sani ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a cire kan wani mutum-mutumi domin ya koma kamar itace. Daga nan malamai suka fahimci cewa kai shi ne jigon sura, kuma da yawa daga cikin masu tsanantawa ba sa ganin laifi idan babu kai ko ba a fitar da kamannin fuska ba. To, zanen minti ɗaya ko biyu da ake buɗe zama da shi, galibi ba a kai ga fuska. Layuka ne na kafaɗa da baya da tsayuwar ƙafa. Haka zanen hannu shi kaɗai, wanda masu zane ke cewa yana cikin mafi wahala, da zanen ƙafa, da yadda babbar riga ke ninkewa a kafaɗar mai zaune. Ɗalibi zai iya shekara yana koyon waɗannan bai taɓa inda ake gardama ba.

Buƙata ma tana da nata matsayi. Littafin likitanci ba ya yiwuwa ba tare da zane ba, kuma Musulmi sun san haka tun da can. Zahrawi na Andalus ya zana kayan tiyata a littafinsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Mansur ɗan Ilyas na Shiraz, a ƙarshen ƙarni na 14, ya zana jikin mutum gaba ɗaya domin nuna ƙasusuwa da jijiyoyi. A 1465 likitan Baturke Sharafuddin na garin Amasya ya rubuta littafin tiyata mai hotunan likita da majiyyaci. A yau, wa zai zana mana littafin karatun yara wanda 'ya'yanmu za su ga kansu a ciki da hula da hijabi? Wa zai zana takardar faɗakarwa kan wanke hannu ko haɗa ruwan gishiri da sukari ga uwar da ba ta iya karatu ba? Idan muka kori duk yaron da ya iya zane, wasu za su zana mana, da idonsu da al'adarsu, sannan mu dawo muna ƙorafi.

Mas'ala ta uku ba ta da tsawo, domin babu saɓani a cikinta. Zama gaban mutum tsirara ana ƙare masa kallo na awa guda haramun ne ko da ba a ja layi ɗaya a takarda ba. Laifin a nan na kallon al'aura ne. Suratun Nur ta umarci muminai maza da mata su runtse idanunsu, kuma Muslim ya ruwaito hanin namiji ya kalli al'aurar namiji, ko mace ta kalli ta mace. Balikin da ya fi kowa sassauci a mas'alar zane bai buɗe wannan ƙofa ba. Akan kawo misalin likita, a ce shi ma ai yana kallo. Likita yana kallon gwargwadon abin da magani ya tilasta, domin rai ko lafiya, kuma da zarar larurar ta ƙare izinin ya ƙare. Ƙwarewa a zanen cinya ba ta kai wannan matsayi ba. Akan kuma ce masu zane ba da sha'awa suke kallo ba, kuma muna iya yarda cewa da yawansu gaskiya suke faɗa. Sai dai Shari'a ba ta rataya wannan hukunci a kan abin da mai kallo yake ji a zuciyarsa ba. Ta kuma kula da mutuncin wanda ya tuɓe saboda 'yan kuɗin haya.

Yana da kyau ɗalibanmu su san cewa wannan darasi al'ada ce da ke da tarihi, ba doka ce ta halitta ba. Makarantun zane na Turai ne suka mayar da shi ginshiƙi, daga makarantar 'yan gidan Carracci a Bolonya ta Italiya a ƙarshen ƙarni na 16, zuwa makarantar sarauta ta Faransa da aka kafa a 1648, da ta Landan a 1768. Su kansu sun daɗe suna jayayya a kansa. Makarantar Landan ba ta bar ɗalibai mata shiga wannan aji ba sai a 1893, kuma ko a lokacin sai da aka sa sharaɗin mai tsayawar ya rufe wani sashe na jikinsa. Abin da masu shi suka yi ta sa wa sharaɗi, ba laifi ba ne Musulmi ya nemi a sa masa nasa.

Saboda haka shawararmu ga iyalan da ke zaune a can ba ta wuce tambaya ba. Kafin yaro ko babba ya je, a tuntuɓi mai shirya zaman a tambaye shi kai tsaye: mai tsayawar da tufafi yake ko babu? Tambaya ce da suka saba ji, kuma sau da yawa sanarwar da kanta tana faɗa. Idan babu tufafi, a bar rabin farko, a zo bayan shayi domin furanni. Wasu ƙungiyoyin suna da ranar zanen fuska ko ta mai tufafi, wanda ya gamsu da ra'ayin Malikiyya zai iya nufar wannan, yana mai kiyaye dokar kallo tsakanin namiji da mace, domin doguwar ƙura ido ga wanda ba muharrami ba tana da nata hukuncin ko da an suturta. Ba mu ga dalilin da zai sa Musulmi ya ƙaurace wa maƙwabtansa gaba ɗaya ba alhali rabin abin da suke yi halal ne tsantsa. Zama da tsofaffin unguwa ana zana fure ɗaya yana gyara zato fiye da dogon jawabi.

Ga sassan koyar da zane na jami'o'i da kwalejojinmu, roƙonmu shi ne su rubuta ƙa'idarsu a fili, ɗalibi ya san abin da zai tarar tun kafin ya yi rajista, kuma duk inda darasi ya ƙunshi buɗe al'aura a tanadi madadinsa ba tare da rage maki ba. Ana koyon tsarin jiki daga kwarangwal na roba da hotunan tsoka irin na ɗaliban likitanci, da kuma mai tsayawa sanye da tufafin da ba su ɓoye tsayuwarsa ba. Ɗalibi shi ma ya yi magana da malaminsa cikin ladabi tun farkon zango, kada ya bari sai ranar jarrabawa. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suna iya ɗaukar wannan magana a madadin wanda yake jin nauyi.

Babban abin da muke ganin ya kamata mu ɗauka daga waɗancan ƙungiyoyi shi ne tsarinsu. Mutane ne na unguwa ɗaya, ba gwamnati ta tara su ba, suka ware yamma guda a mako domin koyon abu mai kyau tare. Mu ba baƙi ba ne a harkar ado. Hannun da ke zana lalle a ƙafar amarya, da wanda ke ɗinkin hula da aska takwas a wuyan riga, da wanda ke zayyana allon saukar karatu, da magina da suka ƙawata fuskar gidajen Zariya da Kano da Damagaram, duk masu zane ne, ko da ba mu kira su haka ba. Maginan Zariya har keke da mota da jirgin sama sun sa a bangon gida. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne zane daga kallo, a ajiye abu a gaba a bi shi da ido, wanda shi ne tushen aikin injiniya da mai tsara gini da masanin tsirrai da mai tsara tufafi.

Bazararmu ba irin tasu ba ce. Tasu lokacin sanyi mai daɗi ne da tsiro, tamu zafi ce da jiran ruwa. Amma ba mu rasa furanni ba. Gurjiya tana fitar da jajayen furanninta a kan rassa marasa ganye tun cikin hunturu, minjirya ma haka. Ɗorawa tana rataya jajayen dunƙulenta kafin zafi ya tsananta. Marga tana zubo gungun furanni masu ruwan ɗorawa gab da faɗuwar damina. Kariya tana nan a shingen gidaje, tumfafiya a kowane fili, bado a kududdufi. Da damina kuwa, furen kabewa da na wake da na gyaɗa sun isa aikin wata uku.

Makarantar Islamiyya da ke da aji a buɗe ranar Alhamis ko Juma'a da yamma za ta iya farawa ba tare da neman tallafin kowa ba. Tabarma, da takarda, da fensir, da gawayin murhu, da kwalba ɗaya. Mata da ajinsu, maza da nasu. A gayyaci malamin zane na sakandaren unguwa ko ɗalibin kwalejin ilimi ya nuna yadda ake auna tsawo da fensir a miƙe da hannu, da yadda ake sa inuwa. A gayyaci malamin fiƙihu a zama na farko ya karanta wa iyaye da yara mas'alar daga littafi, da ra'ayoyin biyu da dalilansu, domin kowane gida ya san inda ya tsaya. Wata na farko a tsaya kan fure da ganye da ƙwarya da buta. Wanda ya ci gaba, a ba shi hannun ɗan'uwansa riƙe da tasbaha, ko ninkin rawanin liman daga baya. Furen kuɓewa yini ɗaya yake yi, don haka ranar da za a zana shi sai a tura yaro lambu da safe, a sa shi cikin ruwa, a kuma matso da zaman kafin azahar.